Ku Tambayi Anti: Fuskata duk ƙuraje, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidanmu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙo uku na ɗauko wannan makon, dukansu daga nan Zariya, kuma duk maganar ƙurajen fuska ce da abinci. Na farkon ne zai fi cin fili saboda irinsa aka fi turo min. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA

Salam Anti, ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min wlh abin nan ya ishe ni. Ni ɗaliba ce a ABU Samaru ina aji biyu, shekarata 20, a gida nake zaune Tudun Wada kullum sai na hau bas in je in dawo. Fimful sun fara min tun ina sakandare amma bana abin ya yi yawa, kumatuna biyu da haɓa da goshi, wasu manya ne masu zafi in sun tafi sai su bar baƙin tabo, har na koma saka takunkumi a aji ba don mura ba. Na duba TikTok kowa da abin da take faɗa, wannan ta ce a bar shinkafa, wannan ta ce a bar mai da gyaɗa da madara, wata ta ce sai salak da kifi da wasu abubuwa da ko sunansu ban taɓa ji a kasuwarmu ba. Toh Anti mu tara ne a gida kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa, da rana shinkafa da mai da yaji ko taliya, da dare tuwon masara ko na shinkafa, da safe shayi da burodi ko koko. A makaranta kuma indomi nake ci ko fanke da lemo don iya abin da kuɗina ke kaiwa kenan. Da na ce wa Mama ina so in canza abinci sai ta ce iyayi ne, wai su da tuwon suka girma kuma fuskarsu sumul, Baba kuwa ba zan iya tunkararsa da maganar ba na san yadda yake fama da mu. Yanzu sati uku kenan na daina cin abincin dare, ina jin jiri a lakca kuma ƙurajen suna nan. Wata ƙawata ta ba ni wani kirim da aka haɗa a roba babu suna, sati biyu fuskata ta yi kyau har ta yi haske, daga baya suka dawo sun fi da. Ya zan yi?
Ɗaliba daga Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu je ko'ina, yau da dare in an kwashe tuwo ki ɗauki kwanonki ki ci. Yunwa ba ta maganin ƙurji, ke ma kin gani da idonki, sati uku kina kwana ciki ba komai ƙurajen ko gezau, abin da kika ƙaru da shi jiri ne a aji, kuma wadda ta kwana da yunwa ita ce wadda gari na wayewa za ta zuba suga cokali huɗu a shayi ta haɗa da rabin burodi, wato ainihin abin da muke so a rage. Wallahi wannan ɓangaren na saƙonki ya fi ƙurajen tayar min da hankali.

Ki sani kuma ba ƙazanta ba ce ta jawo miki, ba girkin Mama ba ne. Likitocin fata suna ƙiyasta cewa kusan 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin ƙurajen nan, wasu kaɗan wasu da yawa. A ƙarƙashin fatar fuska akwai 'yan ƙananan jakunkuna da ke fitar da maiƙo ta ƙofar gashi, in mutum ya balaga sinadaran homon sai su sa jakunkunan su ƙara aiki, maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar kamar dai yadda kwatar gida ke toshewa, sai wata ƙwayar bakteriya da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ja ya tara ruwa. Akwai gado a ciki, akwai lokacin al'ada, akwai damuwa da rashin barci irin na lokacin jarrabawa. Abinci ɗaya ne daga cikin masu ruruta abin, ba shi ne ya kunna shi ba. Shi ya sa za ki ga ƙawarki da ke shan lemo kullum fuskarta tas, ke kina ta kiyayewa abin bai bar ki ba.

To mene ne na abinci a ciki? Abin da ya fi ƙarfi a binciken da aka yi shi ne maganar suga da fulawa da duk abincin da aka cire wa dusa aka tace shi fari fat. Irin wannan yana narkewa da sauri, sugan jini ya hau lokaci guda, jiki ya sako insulin, wato sinadarin da ke daidaita sugan jini, da yawa, shi kuma insulin yana zuga jakunkunan maiƙon nan. A 2007 an yi wani gwaji a Melbon ta ƙasar Ostareliya da samari 43 masu shekara 15 zuwa 25, aka sa rabi a kan abincin da ba ya ɗaga suga da sauri har sati 12, ƙurajensu suka ragu fiye da na ɗaya rabin. Raguwa fa na ce, ban ce sun ɓace ba. Akwai kuma rahoton da ya fito a 2002 a kan mutanen tsibirin Kitaba a Fafuwa Niyu Gini, an duba mutum 1,200, a cikinsu 300 matasa ne, ba a samu mai ƙurajen fuska ba ko ɗaya. Abin da nake so ki lura da shi, mutanen nan doya da dankali da gwaza su ne cimarsu, da kifi da kwakwa da 'ya'yan itace. Abinci mai cika ciki suke ci irin namu, abin da ba su da shi shi ne lemon kwalba da biskit da fulawa. Wannan bai tabbatar da cewa abincin kaɗai ne dalili ba, amma ya isa ya nuna miki cewa duk mai ce miki sai kin koma salak zalla ba ta san zancen ba.

Yanzu mu bi ranarki kamar yadda kika zayyana min ita. Shayi da suga da madara da burodi da safe. Fanke da lemo ko indomi da rana. Kinga duk waɗannan fulawa ce da suga, kuma yawancinsu ba daga tukunyar Mama suka fito ba, daga jakarki kuɗinsu ya fita, ke ce mai iko da su ba sai kin nemi izinin kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, ga babban mutum kusan giram 50 kenan, kamar cokalin shayi 12. Robar lemo ɗaya mai girman rabin lita tana iya ɗauke da fiye da cokali 10 ita kaɗai. In lemon nan kaɗai kika ajiye, kika rage sugan shayi daga cokali uku zuwa ɗaya, kin yi aikin da ya fi barin tuwon dare sau nawa. Kuma ki kula da kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya na sayarwa, sunansu na gida ne amma sugan da ake zuba musu wani lokaci bai da maraba da na kwalba.

Kuɗin lemo da fanken nan kuwa in kika juya shi zai saya miki dafaffen ƙwai, ko gyaɗa, ko awara, ko yalo da karas da gwaiba a lokacinsu, duk ana samu a bakin get da kasuwar Samaru. Abin da ya fi ma, ki nemi ɗan ƙaramin kula ki riƙa zubo abincin gida ki taho da shi, da gorar ruwanki. Na san wasu 'yan mata suna jin kunyar buɗe kula a makaranta, ni kam ban ga abin kunya a wake da shinkafar uwarka ba.

Mu dawo tukunyar gida. Gaskiya ne farar shinkafa da tuwonta da tuwon masarar da aka surfe tas da taliya suna ɗaga suga da sauri, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba gaya ake cin tuwo ba ai, da miya ake ci, kuma miyar kuka da kuɓewa da ayoyo da taushe duk suna rage saurin narkewar nan. Don haka ki juya lissafin kwanonki, tuwo kaɗan miya da yawa, in kin saba malmala biyu ki koma ɗaya da rabi ko ɗaya, ki ci ki ƙoshi ba tare da kin cika cikin dam ba. Ranar shinkafa da mai da yaji ki yanka kabeji ko tumatir da albasa da kokwamba a kai, in an sa wake a ciki to alhamdulillah an gama magana, don wake shi ne babban abokinki a wannan tafiyar, yana riƙe ciki, yana gina jiki, ba ya ɗaga suga da gaggawa. Alale, ƙosai, faten wake, duk ki rungume su. Abin ma da ke ba ni mamaki, nan Samaru cibiyar binciken aikin gona ta IAR take, inda ake fitar da irin waken nan da ake kira SAMPEA da manoma ke shukawa a faɗin Arewa, amma ɗaliban da ke wucewa ta ƙofarta kullum indomi ne abincinsu.

Sannan mu Zazzagawa Allah Ya ba mu fate. A yi ta tsokanarmu da shi, amma faten tsaki da aka cika wa rama da yakuwa da alayyafo da gauta aka jefa wake da gyaɗa, abinci ne da duk mai koyar da cimaka zai sa wa hannu. Haka dambu da zogale, haka kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, haka tuwon dawa da kunun gero da ba a tace shi ƙwarai ba, da acca in an samu. Maganar Mama cewa da tuwo suka girma akwai gaskiya a cikinta fiye da yadda kika ɗauka, sai dai tuwon zamaninsu ya fi yawan dawa da gero, ganye ya fi yawa a kwano, lemo kuwa sai da sallah ko biki.

Shi ya sa nake ganin inda aka samu matsala shi ne yadda maganar ta shiga kunnenta. Uwar da ke ciyar da mutum tara a wannan tsadar, in 'yarta ta zo ta ce ina so in canza abinci, abin da take ji shi ne abincinki bai yi min ba. Kada ki sake kai mata maganar a baki, ki kai mata a aikace. Ranar Asabar ko Lahadi da ba ki da lakca ki ce Mama ki huta yau ni zan yi girki, ki yi fate ko dambu ko alale. In kin dawo daga makaranta ki tsaya kasuwar Tudun Wada ki sayo alayyafo ko zogale na kuɗin lemonki ki ce Mama ga shi a ƙara a miya. Ki ce mata Mama kin daɗe ba ki yi mana tuwon dawa ba, ina marmarinsa. Babu uwar da za ta kira wannan iyayi, albarka ma za ta sa miki, kuma in akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidan shi ma ya amfana. Baba kuwa ba sai kin ɗora masa komai ba, don duk abin da na lissafa babu na kanti a ciki.

Gyaɗa da mai da aka ce ki bari, babu wata hujja mai ƙarfi cewa gyaɗa na kawo ƙuraje, kuma man da kika ci ba shi ne ke tsattsafowa ta fuskarki ba, maiƙon fuska fatar ce ke haɗa abinta. Rage soye-soye abu ne mai kyau don lafiyar jiki gaba ɗaya, amma kada ki hana kanki gyaɗa alhali ita ce abin gina jiki mafi araha da ɗalibi ke samu.

Madara ce ke da 'yar magana. Wani likita ɗan Najeriya, Farfesa Clement Adebamowo, shi ya jagoranci wani nazari a jami'ar Harvard ta Amurka da ya fito a 2005, aka duba bayanan mata sama da 47,000, aka ga waɗanda suka fi shan madara lokacin 'yanmatancinsu sun fi ba da labarin ƙuraje masu yawa, musamman madarar da aka cire wa mai. Alaƙa aka gani, ba a ce duk wanda ya sha sai ya yi ba. In kina so ki gwada a kanki, ki ajiye madarar shayi na wata biyu ki gani, in babu canji ki koma abinki. Nono da kindirmo ba a samu hujja mai ƙarfi a kansu ba, don haka furarki ki sha, suga dai za ki rage. Kuma abu ɗaya ake cirewa a lokaci guda, in kika bar abu biyar rana ɗaya ba za ki taɓa sanin wanne ne ba.

Yanzu kirim ɗin robar nan. Ƙanwata ki rabu da shi. Yadda kika kwatanta, kyau da haske cikin sati biyu sannan ƙuraje su dawo sun fi da, alama ce ta sitiroyid, irin su kilobetasol da betametason, da masu haɗe-haɗen mai ke zubawa don fata ta yi fari da wuri. Yana kwantar da kumburi da farko shi ya sa ake ruɗuwa, daga baya ya sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ya kawo nasa ƙurajen, wasu har nankarwa. Haka mayukan kemis ɗin nan masu haɗi uku da ake sayarwa don ƙaiƙayi da makero, su ma akwai sitiroyid a ciki, ba na ƙurajen fuska ba ne. Wasu haɗe-haɗen har da sinadarin bilicin na haidirokwinon mai yawa da sinadarin makuri mai taɓa ƙoda, shi ya sa hukumar NAFDAC ke ta gargaɗi a kan mayukan bilicin. In kin daina fuskar za ta iya yin bore na ɗan lokaci, ja da zafi da sababbin ƙuraje, kada wannan ya sa ki koma. Wadda ta yi watanni tana shafawa gara ta ga likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali.

Maganin da aka san yana aiki ba ɓoyayye ba ne. Ki je famasi mai rajista ki yi magana da mai ilimin magunguna, ba yaron shago ba. Akwai benzoyil feroksayid mai ƙarfin 2.5 ko 5 cikin 100, yana kashe ƙwayar bakteriyar, sai dai yana cin launin kaya don haka ki kula da hijabinki da rigar filo. Akwai adafalin mai 0.1 da ake shafawa da dare yana buɗe ƙofofin da suka toshe, ɗan kaɗan ake lakata a shafe fuskar duka ba kan ƙurji kaɗai ba, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Ki fara da ɗaya, yau ki shafa gobe ki huta, har fata ta saba, don suna busar da fuska musamman in hunturu ya shigo, kin san hunturun Zariya ba wasa. Ki haɗa da man shafawa marar nauyi. Sai haƙuri, sati 8 zuwa 12 kafin a ga canji na gaske, da farko ma yana iya zama kamar abin ƙaruwa yake. Da yawa daga masu cewa magani bai yi musu ba tun da wuri suka ajiye.

Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, da sabulu marar zafi da tafin hannu, ban da soso ban da dirza. Kada ki matse, matsar nan ita ke tura ruwan ciki ta bar baƙin tabon da kike kuka da shi, mu masu baƙar fata tabon ya fi ƙurjin daɗewa. Lemon tsami, makilin, kanwa, tafarnuwa, duk ƙona fata suke yi. Na goshi kuma ki duba man kitso da basilin da ke gangarowa, da hular hijabi da ke shan zufa ana maimaita ta kwana da kwanaki. Takunkumin nan ma da kike ɓuya a ciki yana tara gumi yana goga a haɓa da kumatu, ƙara su yake, ki cire shi ki shiga ajinki, wallahi mutane ba sa kallon fuskarki yadda kike zato.

Amma tunda kin ce akwai manya masu zafi da ke barin tabo, ni shawarata kada ki tsaya a famasi kawai. Ki fara da asibitin makaranta, ki tambaya game da inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP, in akwai buƙata su tura ki wurin likitan fata a asibitin koyarwa na Shika. Irin waɗannan wani lokaci sai an haɗa da maganin sha kamar doksisaikilin na 'yan watanni, ko aisotiretinoyin ga masu tsanani, wanda ke nakasa jariri in an sha da ciki, don haka ba abin saye a sha da ka ba ne. In kuma al'adarki tana tsallake watanni, ko gashi na fito miki a haɓa, ko ƙiba na zuwa ba dalili, ki faɗa wa likitan, yana iya zama matsalar homon ta ƙwan mace, kuma ana kula da ita. Ki ce Mama ta raka ki, in ta ji daga bakin likita kallon da take wa abin zai canza.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni namiji ne shekara 22 ina karatu a kwalejin Nuhu Bamalli, ina zaune da iyayena a Sabon Gari. Wata huɗu kenan na fara ɗaga ƙarfe, na sayi garin furotin ɗin nan na gwangwani ina sha, sai ga ƙuraje sun cika min baya da ƙirji da gefen fuska. Kakata ta ce ƙuli-ƙuli ne, abokaina suna min dariya wai rashin aure ne. Wanne ne gaskiya?
Wani ɗalibi daga Sabon Gari

AMSA

Ƙanena, ka gaishe min da Hajiya amma ƙuli bai da laifi, abokanka kuma su sani aure ba ya warkar da ƙurji, magidanta da 'ya'yansu ma suna yi. Ni garin gwangwanin nan na fi zargi. Yawancinsa daga ruwan da ke saura in an cire cuku daga madara ake yinsa, kuma likitocin fata sun sha ba da rahoton samarin da ƙuraje suka feso musu a baya da ƙirji bayan sun fara sha. Ka ajiye shi wata biyu ka gani. Ƙwai, wake, awara, gyaɗa, kifi, duk za su gina maka jiki kuma a tukunyar gidanku suke. In kuma wani a wurin motsa jikin ya ba ka ƙwaya ko allura ta ƙara ƙwanji, ka tsaya nan take, sitiroyid ne, yana kawo ƙuraje masu muni kuma yana taɓa hanta da zuciya da haihuwa. Wannan gargaɗin har da 'yan matan da ke shan ƙwayar deksa, wadda ita ma wani nau'in sitiroyid ce, don su yi ƙiba. Ka riƙa wanka da zarar ka gama, kada ka hau mashin ka yi ta yawo da jiƙaƙƙiyar riga. In ƙurajen ƙanana ne duk girmansu ɗaya kuma suna ƙaiƙayi sosai, yana iya zama na fangas ne da zafi da gumi ke kawowa, maganinsa daban, sai an duba.

TAMBAYA

Anti bikina saura sati shida, ƙurajen sun yi sauƙi amma baƙin tabo ya cika min fuska. Gwaggona ta ce a fara min dilka da wani haɗin mai gyaran jiki. In yarda?
Amarya daga Ƙofar Doka

AMSA

Allah Ya sanya alheri Ya kai mu lafiya 'yata. Dilka da kurkum a jiki ba laifi in fatarki na ɗauka, amma a fuska kada a dirje ki, musamman inda akwai ƙurji mai rai, dirza na ƙara baƙin ne. Haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba kuwa ki ba Gwaggo haƙuri cikin ladabi, ki ce fuskarki tana saurin yin bore kina tsoron ta ɓaci ana gobe kamu, za ta fahimta don ita ma kyanki take so. Baƙin tabo watanni yake ɗauka kafin ya dushe, sati shida ba za su share shi duka ba, kuma rana ce ke ƙara masa duhu, don haka ki nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ki riƙa shafawa kullum da safe ko da hijabi za ki fita. Kada ki fara adafalin ko maganin sha yanzu ba tare da likita ya san aure za ki yi ba, saboda ciki na iya shiga da wuri. Abin da ya rage na tabon mai kwalliya za ta rufe shi ranar biki, ke dai ki tabbatar an wanke kwalliyar tas kafin ki kwanta.